Watannin Haihuwar 'Yan Hoki

Ranar Talata bayan la'asar Ubale ya gane cewa shi ya rusa wa 'yarsa aiki.

Shekara biyu Ilham tana gina lissafin abin da ke sa ƙasa ta yi fice a wasan hoki na kan ƙanƙara: yawan filaye, tsawon sanyi, arzikin ƙasa, da watan haihuwar 'yan wasa. 'Yar unguwar Waziriyya ta ƙasar Larabawa, wadda ba ta san ƙanƙara ba sai a kofin lemo. Wata jami'a a Finlan ta ce in lissafin ya tsaya za ta ɗauke ta. Iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, rataye take da ta mahaifinta, tasa saura wata huɗu, kafili mai tsaya musu kuma ya riga ya ce halas, ba zai sabunta ba.

Shi ya roƙa ta bar masa shigar da watannin haihuwar, don tun rasuwar matarsa Mubina hannunsa ya rasa abin yi. Shekara talatin yana cike wa mutane takardu, duk kwanan watan da ya zo gabansa sai ya mai da shi na Hijira. Haka ya yi wa 'yan wasa dubu uku, a tsanake, har da alfahari. Janairu ya watse cikin Rajab da Safar.

"Abin mamaki, ya Baba," in ji ta ran nan. "Kowa ya ce 'yan farkon shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyi. Ni lissafina ya ce babu ruwan wata. Na aika wa jami'ar haka."

Nan ya gane watannin Hijirarsa ne suka jawo haka. Kwana biyu yana binta daga ɗaki zuwa kicin, maganar tana bakinsa. In ta juyo sai ya ga idon uwarta, ya tambayi ina sukari.

Ranar Alhamis mutanen jami'ar suka yi mata tambayoyi ta bidiyo. Yana bakin ƙofa ya ji muryarta tana ƙanƙancewa.

Ta fito fuska a bushe.

"Sun ce watannina ba su dace da na kowa ba. Sun ɗauka ƙirƙira na yi. Sun janye."

Ya buɗe baki. Ta sumbaci kansa.

"Kada ka ce komai. Kai kaɗai ka tsaya mini. Yalla, sha, shayinka zai huce."

Ya sha. Har iƙamar ta ƙare bai ce mata "Ni ne" ba.