Babban Yatsan Kawu Sumul

Masu silin sun riga sun jingina allunansu a bango kafin Injiniya ta iso hawa na uku. Su shida ne, kowa da guduma a ƙugu, kuma abu ɗaya suke jira: ta hau ta duba tiren wayoyi, ta sa hannu a takarda, su rufe. Da zarar an rufe silin kuwa, abin da ke sama ya zama sirri tsakaninsa da Allah.

Tiren nan doguwar kwata ce ta ƙarfe mai huji-huji, an rataye ta a ƙarƙashin kankaren rufi. Ta taso daga ɗakin mita, ta bi baranda, ta sha kwana har sau bakwai kafin ta kai ɗakin da za a kwantar da jarirai, don ginin na sabon asibiti ne. A cikinta manyan wayoyin wuta suke kwance, wasu kaurinsu ya kai damtsen mutum.

Wanda ya kafa ta kawun Injiniya ne, yayan mahaifiyarta. Shekararsa talatin da biyar yana wannan aiki, kuma ba wanda ke kiran sunansa na yanka, sai dai Sumul. Dalili kuwa, duk inda ya yanka tire da inji, sai ya goge bakin da magagari, ya cire safar hannu, ya bi wurin da babban yatsansa. In bai ji kaifi ba sai ya ce, "Sumul!" Yakan ce ido maƙaryaci ne, fata ce ba ta ƙarya. Shi ya fara koya mata feƙe waya tun tana 'yar firamare, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Uwata yake ce mata. Amma a wurin aiki, musamman in yana son tsokana, sai ya koma Injiniya.

"Injiniya, bismilla," ya ce, yana riƙe mata tsani. "A duba mana da ilimin boko."

Ta yi dariya ta hau. Aikin Kawu ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ƙarafan rataya suna nan a jere, tazararsu daidai. Wayoyin wuta a gefe guda, na na'urori a tasu tiren daban. Kowace mahaɗa da 'yar wayarta mai kore da rawaya, wadda ke kai wuta ƙasa in an samu matsala. Inda tiren ta huda bango, an toshe ramin tam don kada gobara ta samu hanya. Har ta fara laluben biro a aljihu.

A kwanar farko ne safar hannunta ta maƙale. Ta ja, sai ta ji kyat, zare ya fito. Ta haska tocila. Bakin ƙarfen da aka yanka yana ƙyalli kamar reza, an ɗan goga shi sama-sama amma kaifin yana nan. Babbar wayar da ta kwanta a kai har ta samu zane a jikin robarta.

Ta sauko, ta ja tsanin da kanta zuwa kwana ta biyu. Haka. Ta uku, haka. Har ta bakwai, duk haka. Ta san abin da zai faru. Waya in ta ɗauki wuta takan yi ɗumi ta miƙe, in ta huce ta koma. Kullum tana gogar kaifin nan kaɗan-kaɗan. Yau lafiya, gobe lafiya, sai wata rana robar ta huje a saman kan jarirai.

Kuma ta san dalili. Watan jiya ta ga Kawu ya riƙe kofin shayi mai tururi bai ko yamutsa fuska ba. Ta ga noti yana suɓuce masa sau biyu, sau uku. Da ta tambayi mahaifiyarta, sai ta ce ciwon suga ne ya fara kashe masa yatsu, amma kul ta ji maganar nan a bakinta, don Yaya ba ya son a sani. Shi kansa bai san abin ya kai haka ba.

Ɗan kwangila ya tare ta a gindin tsani, yana duba agogo.

"Ranki ya daɗe, mu rufe? Gobe masu ginin za su zo zagayawa."

"Ba yanzu ba."

"Kamar yaya ba yanzu ba? Jiya an gwada wayoyin da mita, komai ya nuna lafiya."

"Mita yau take gani, ba ta ganin baɗi."

"To me ya faru? Ki faɗa mana mana, mutane na tsaye."

Mutane kam suna tsaye, kuma duk sun zuba mata ido. Cikinsu akwai waɗanda Kawu ya koya wa riƙon sukundireba. Ta dubi takardar, ta dubi Kawu. In ta sa hannu, ta ci amanar aikinta. In ta buɗe baki a nan, ta kwance wa kawunta zani a kasuwa. Gaba kura, baya sayaki.

Ta matsa kusa da shi, ta sassauta murya.

"Kawu, don Allah mu ɗan koma gefe."

"A'a, faɗi a nan. Aikina ba ya jin kunyar kowa."

"Bakin yankan ne. Kamar akwai sauran kaifi a wuraren kwana."

Wani daga cikin masu silin ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta da tari. Fuskar Kawu ta canza. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai hayaniya ba ne, amma da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Kaifi. A aikina." Ya gyaɗa kai. "Kowane yanka a nan da yatsan nan na bi shi. Tun ba a haife ki ba nake bi."

"Na sani, Kawu."

"Ba ki sani ba. Matsa."

"Kawu, kar ka hau. Bari in kawo magagari in..."

"Na ce matsa, Injiniya."

Ta matsa. Ya hau tsanin a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya, ana jiyo ƙarar injin kwaɓa siminti daga ƙasa. Ya cire safarsa ya soke a aljihu. Ya ɗora babban yatsa a bakin ƙarfen, ya ja daga wannan gefe zuwa wancan, yana kallonta. Don ya tabbatar mata, ya danna ya sake ja.

"Sumul," ya ce.

Ya fara saukowa, yana barin jan tambari a kan kowane matakin da ya dafa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya goge hannu a gaban rigarsa kamar yadda ya saba, ya juya wajen ɗan kwangila.

"Ku rufe abinku. Yaran zamani, in ba su samu laifi ba sai su..."

Ya tsaya, don ya lura ba fuskarsa suke kallo ba. Ya bi idanunsu zuwa ƙirjinsa, daga nan zuwa hannunsa. Yatsan ya tsage biyu, jini na bin tafin yana ɗiga a kan siminti. Ya ɗaga shi kusa da ido, ya matsa da ɗaya hannun, yana jiran zafin ya zo. Bai zo ba.

Injiniya ta ji kamar ita aka yanka. Ta ciro hankici ta kama hannun tana ɗaurewa, hawaye na hana ta ganin ƙullin. Ya bar ta ta ɗaure.

"Kin sani," ya ce daga baya. Ba tambaya ba ce.

"Na yi zato, Kawu."

Ya daɗe yana kallon tiren, tun daga ɗakin mita har ƙofar ɗakin jarirai. Sannan ya juya ga masu silin.

"Ku mayar da allunanku. Ku ɗauko abin ɓamɓara, ku sauka hawa na biyu."

Ɗan kwangila ya zabura. "Hawa na biyu? Ai tun watan jiya aka rufe shi, injiniyan da ke nan kafin ita ya sa hannu!"

"Ya sa hannu ne don ya ji na ce sumul. A buɗe. Na ɗaya ma a buɗe. Ban san tun yaushe nake faɗa da mataccen yatsa ba."

Ya sa lafiyayyen hannun a aljihu ya zaro magagarinsa, wanda ƙotarsa ta yi baƙi don daɗewa. Ya dubi tsanin, ya dubi 'yar ƙanwarsa.

"Uwata, gogawa har yanzu ina iyawa. Ni zan goga, ke ki taɓa."

Ta share ido da bayan hannu, ta cire safarta, ta riƙe masa tsani.