Katifar Kaka

Yayana zakaran tsallen sama ne. A gicciya sanda, ya rugo, ya juya mata baya, ya tsallake ta ya faɗa kan katifa. Sana'ar ke nan. Shekara uku a jere ba wanda ya kamo shi a yankinmu. Saboda tsawon ƙafa ake ce masa Zalɓe. Kofunansa shida ne a falo. Mama na zuba maɓallai a ɗaya, Baba na ajiye makullin babur a wani.

Saura kwana goma a yi gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa, rufin ɗakin ajiyar kulob ɗinsu ya yi yoyo, katifar tsalle ta sha ruwa ta ruɓe. Koci, mai horar da su, ya ce kowa ya nemi inda zai faɗi.

Zalɓe ya kafa sanduna biyu a tsakar gida, ya gicciya bututun roba. Aka tara katifar Baba da ta Mama da tawa. Tsallen farko ya ratsa duka ukun, bayansa ya gaisa da siminti. Ya jima a kwance yana kallon sama.

Daga nan tsoro ya shige shi. Sai ya rugo da gudu, ya zo gindin sanda ya ja birki, ya sunkuya yana duba igiyar takalmi. Kwana uku ana haka. In ya je gasa da wannan birkin, shi da rigar ƙasa sai kallo.

Katifa mai kauri ɗaya ce a gidan, ta Kaka. Ita ce kyautar gasarsa ta farko, shi ya ɗauko ta a ka ya kai mata. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Kaka, aron kwana bakwai."

"Kyautar da ka ba ni? Kai maigidan, ba ka da kunya."

"Da rana kawai. Kafin magariba na dawo da ita."

"Da rana nake barci. Da dare tunani nake."

Baba ya sa baki. Ta tuna masa shekarar da ya daina fitsarin kwance, a gabanmu. Nan take ya tuna yana da aiki a waje.

Washegari ta aiko a kira Zalɓe.

"Katifa za ta fita," ta ce, "amma da ni a kai."

Mu huɗu muka ɗauko ta, har da maƙwabcinmu mai walda. Muka ɗora a kan sauran. Ta kwanta a gefe ɗaya da matashinta da rediyo da lema.

"Kaka, zan iya faɗo miki fa."

"Faɗo mana. Sai ka san bayanin da za ka yi wa ubanka."

Ya rugo. Ya ja birki. Ya duba takalmi.

Kaka ta ɗaga lema ta leƙo shi.

"Wannan ce sana'ar? Gudu da tsayuwa? Akuyar mai walda kullum sai ta haura katangarmu, ko kofi ɗaya ba ta da shi."

Mai walda ya ce gaskiya ne.

Zalɓe ya koma baya, ya rugo. Wannan karon ba siminti ne a ransa ba, yadda zai kauce wa tsohuwa ne. Ya tashi, ya wuce, ya faɗa can ɗaya gefen. Kaka ta yi sama kamar tsayin taki guda, ita da rediyo da lema, ta dawo.

Mama ta ɗora hannu a ka. 

Kaka ta gyara ɗankwali.

"Wani abu ya yi ƙas a ƙuguna," ta ce. "Shekara goma yana riƙe. Yau ya saki. Sake tsallen."

Haka aka yi kwana shida. Ba ta san santimita ba, amma daga inda take kwance ba abin da ke ɓoye mata.

"Ɗuwawunka ne ke zubar da sandar. Ɗaga shi, ba kayan aro ba ne."

Koci ya zo ya tsaya ya ji. Ya ce shekara biyu ke nan yana faɗin haka, ba a taɓa jinsa ba.

Ranar gasa Zalɓe ya tsallake mita biyu da santimita goma. Bai duba takalmi ba ko sau ɗaya. Aka zaɓe shi.

Da ya dawo ya rataya wa Kaka lambar zinariyar a wuya, ya nuna mata hoton a waya: ga shi a sararin sama, baya a lanƙwashe, jama'a baki buɗe. Ba shi take kallo ba. Ta sa yatsa a kan shuɗiyar katifar da ke ƙasansa.

"Duk wannan faɗin, ba kowa a kai?"

"Ba kowa, Kaka."

Ta jinjina kai.

"In za ku fita ƙasar waje," ta ce, "ka ce su sa sunana."