Kaimak Mai Santsi

Maigidana Obrad ya gama magana tun shigowar sanyi: ranar da mai gidan abincin nan na garin Užice ya daina karɓar kaimak ɗinmu, saniya sai kasuwa. Ita kaɗai ta rage mana, ni kuwa ban san me zai tashe ni da safe ba in babu ita.

Kaimak ba ya son hannu. Ki dafa madara, ki juye a faffaɗan akushi, ki ja ƙofa ki ba shi wuri. Washegari ki yaye maikon da ya kwanta a sama, ki jera shi hawa-hawa, gishiri a tsakani. A wannan sunkuyon bayana ya ƙare.

Mai gidan abincin, Dragoljub, ya lakata ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Gwaggo Radojka, baƙina mai santsi suke so."

"Wane irin santsi kuma?"

"Mai laushi dai, mai maiko. A shafa a burodi ya bi sumul."

"Ai man shafawar matarka ma haka yake, ɗana. Shi za ka ba su?"

Ko murmushi bai yi ba. Wai yanzu komai santsinsa ake yabo, miya, fenti, har muryar mawaƙa. Nawa ɓawo-ɓawo ne, turewa ake yi gefen faranti. In gyara, ko ya koma wa na kamfani.

Na gaji da gardama, na gaji da hawa da saukar dutsen nan da gidanmu yake a kai. Ina isa gida na ɗauki maburgi, na tsiyaya ɗanyar madara a kan kaimak ɗin, na yi ta burga aikin mako guda har ya koma kamar kunu mai kauri. Raina a ɓace, amma hannuna bai tsaya ba.

Da na kai masa, Dragoljub ya lashe cokali tas, ya ce in riƙa kawo irinsa. Saniya dai ta tsira.

Da rana na shafa ragowar a burodi na kai wa surukata Stamena. Idanunta sun tafi, amma ita ta koya mini aikin nan, yatsa da yatsa. Ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta laluba ta kamo hannuna.

"'Yar nan, ashe kun sayar da saniyar kuna ɓoye mini."

"Tana nan, Inna. Ba ki ji kukanta ɗazu ba?"

Ta miƙo mini sauran burodin.

"To kar ki ƙara karɓo na matar nan. Ko wace ce, baiwar Allah, ba ta samu mai koya mata ba."

Na ce to, Inna.