Jinin Auta

Tsohon direban da ake kira Ƙarfe ya ga duniya. Tirela ta taɓa kifewa da shi a gada, ya fito da ƙafarsa, har ya taya mutane kwashe kaya. Amma bencin asibiti ya gajiyar da shi fiye da kowace hanya. Tun safe yake zaune. Matarsa na ciki, likita ya ce ba za a yi mata aiki ba sai dangi sun ba da jini.

Autansa, makanike, ya iso leɓɓansa a tsattsage saboda magani, yana ta goga musu mai. Ya jima yana shan wani maganin ƙuraje mai ƙarfi da likitan fata ya rubuta masa, bayan fuskarsa ta kumbura har ya daina zuwa gareji.

Nas ta tambayi Auta ko yana shan magani. Ƙarfe ya taka masa ƙafa.

"Ba ya shan komai. Ɗana ne, garau yake."

"Ina sha, Baba," in ji Auta, ya faɗi sunan maganin.

Nas ta ajiye allurar. "Ba zan ɗiba ba, sai wata guda bayan ka daina. Jinin da muke karɓa ajiya yake tafiya, ba lallai Ummanka za a sa wa ba. In aka ƙara wa mai ciki, jaririn zai iya nakasa."

"Don ƙuraje? Abin da muke matsewa da farce mu wuce?" Ƙarfe ya naɗe hannun riga. "To ɗebi nawa, 'yata. Irinsa ya ƙare a kasuwa."

Ta auna jininsa, ta girgiza kai. "Baba, kai ma da ƙyar yake isarka."

Suka koma benci. Ƙarfe ya dubi ɗansa. "Baki kamar tsohuwar taya, amma bai iya shiru ba. Uwarka ce fa kwance."

"Na sani, Baba. Jaririn ma na wani ne."

Ƙarfe ya daɗe yana murza gwiwa. Mutum ɗaya ya rage: ƙaninsa, mai 'ya'ya maza ƙarti, wanda ya daina yi masa magana tun ranar da Ƙarfe ya ce masa a gaban jama'a bai iya tuƙi ba.

"Kira min baffanka. Kar ka ce ni na sa ka."

Auta ya danna lambar, wayar ta fara ringi. Ƙarfe ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu.

"Kawo nan. Ni zan roƙe shi."