Sarƙar hannun Dilenia

Tun daga garinmu San Juan nake hana 'yata Dilenia barci. In kanta ya langaɓe a cikin bas sai in shafa mata ruwa a fuska, ta yi kuka, fasinjoji su harare ni. Haka likita ya ce: a kawo ta a gajiye, ciki babu komai, don maganin barcin ya kama ta da kyau. Shekararta biyu, farfaɗiya kuma ta ƙi barinta tun bara. Sai an ga hoton ƙwaƙwalwarta za a san maganin da ya dace. Watanni muka yi muna jiran layi ya zo kanmu a asibitin Santo Domingo, babban birnin ƙasarmu, wanda ya rasa ranarsa kuwa baya yake komawa.

Da aka ba ta maganin, ta yi laushi a kafaɗata. Mahaifiyata, Doña Fefa, tana gefena riƙe da jaka.

Mai kula da na'urar ɗaukar hoton, wani mai furfura da ake kira Wilkin, ya leƙo. "Babu ƙarfe a jikinta ko?"

"Na cire 'yan kunne tun a gida," na ce.

Ya ɗaga hannun rigarta. Ga siririyar sarƙa da ɗan baƙin dutsen azabache, mai siffar dunƙulallen hannu, wanda ake ɗaura wa yara saboda bakin mutane. Na saba ganinta har na daina ganinta. Ya juya ta yana neman maɓalli.

"Ba ta da shi," in ji Mama. "Ni na sa maƙeri ya liƙe ta. Na yi wa Uwa Maryamu alkawari, ba za a cire ba sai mun kai yarinyar cocin Higüey da lafiyarta. Kuma zinariya ce."

Wilkin ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya kara. Sarƙar ta manne.

"Doña, maƙerin nan naki gwangwanin madara ya sayar miki."

"Kai dai ka iya bakinka, tsoho."

"Na iya. Amma injin can maganaɗisu ne da zai ja kujerar da kike kai. Wannan ta shiga, za ta iya ƙona ta." Ya dube ni. "'Yata, maganin ba ya daɗewa, ga mutane a bayanku."

Mama ta rufe hannun yarinyar da tafinta. "Yudelka, in kika yanke, abin ya dawo mata, wa za ki ce?"

"Mama, da sarƙar a hannunta ta faɗi ranar Lahadi."

Idanunta sun yi ja. Ita ma ba ta runtsa ba, ita ta yi ta yi wa yarinyar waƙa a hanya. Ba ni da ƙarfin gardama. Na laluba jaka na ciro abin yanke farce.

Na ce wa Mama, "Ke kika yi alkawarin, ke za ki riƙe mata. Ki tsaya a bakin ƙofa, in ta fito ki mayar."

Ta janye hannunta a hankali. Na datse ƙarfen, sai a karo na biyu ya tsinke. Dilenia ta motsa baki, sai ta ci gaba da barcinta.

Aka toshe mata kunnuwa, gadon ya shige da ita cikin ramin injin. Injin ya fara bugu kamar ana buga guduma a kan kwanon rufi. Ta gilashi nake kallon tafin ƙafarta, ina roƙon kada ya motsa. Mama na tsaye a ƙofa, dutsen a dunƙule a hannunta, leɓɓanta na motsi.

Da bugun ya tsaya, Wilkin ya fito yana miƙa. "Hoton ya fito tas. Likita zai karanta, ya kira ku."

Na zauna a benci da yarinyar a cinyata. Mama ta zare zare daga gefen siket ɗinta, ta ɗaura mata dutsen a wuyan hannu, ƙulli sako-sako wanda za a iya kwancewa. Ta ce in miƙo ta in je in nemi kofi. Na ce to, amma don gajiya ban iya tashi ba.