Jakar da Za a Dawo da Ita

…kuma har da zif, zif mai kyau, ba ya cijewa. Shuɗiya fes, an ɗinka mata hannuwa biyu suna tallafe da zuciya. Tir. Ni Verna Pruitt, shekara goma sha tara a gidan gyaran halin yaran nan, ni ce yau tsugune gaban durowarki ina ninke wandunanki cikin jaka mai zuciya, ke kuwa, Keondra, kina aji kina fama da lissafi, ba ki san komai ba.

Sha ɗaya mota za ta tashi. Yanzu goma da kwata.

Safa uku — ɗaya ba 'yar'uwarta. Hular barci. Man kitson da kakarki ta aiko daga Toledo, kin lakace shi har gindin kwalba. Keondra, Keondra… biskit mai man gyaɗa a ƙarƙashin katifa kuma? Bakwai, takwas. An hana ɓoye abinci. Tun watan Maris na sani, ban gaya wa kowa ba. Yarinyar da aka taɓa garƙame wa firji da kwaɗo, me zan ce mata?

Kwana uku muka yi a horon da aka shirya wa ma'aikata. Matar da suka ɗauko daga Columbus, mai ɗan gyale a wuya da muryar lallashin jariri. Wai kulawa mai la'akari da raunin zuciya. "Kada ku shammaci yaro," in ji ta. "Wanda aka saba fizgewa ba zato, ku gaya masa abin da zai faru kafin ya faru. Kuma kada a sake zuba kayansa a ledar shara, yaro ba shara ba ne." Na yi hawaye a wurin, ni da girmana, a gaban kowa. Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Ba su ba — ni. Na yarda.

Na yarda har na je na sayo farin allon nan na kafa miki a bango. Kullum kafin in tashi aiki sai in rubuta GOBE da manyan baƙaƙe, in jera miki komai a ƙasa.

"Mis Verna, abin da ba ki rubuta ba fa?"

"Ba zai faru ba."

"Rantse."

"Na rantse, sarauniyar naci, bar ni in tafi gida."

Ga na jiya nan yana kallona. Karin kumallo. Aji. Lambu. Wayar Kaka, ƙarfe huɗu. Rubutuna ne. Alhali na sani… tun ƙarfe biyun jiya na sani, tun da Madam Halvorsen, shugabar gidan, ta kira ni ofis ta tura ƙofa a hankali yadda aka koya mana, don kada ƙara ta firgita kowa.

"Verna, gobe za a mayar da Keondra gidan tsare yara na jiha, ya fi dacewa da buƙatunta. Ke ta yarda da ke, ke za ki raka ta."

Buƙatunta! Waya mai ƙaya a kan katanga, ƙofar ƙarfe, gadon siminti, su ne buƙatun 'yar shekara goma sha biyar? Wa ake yi wa wayo? Jibi masu duba za su zo daga hukuma, kuma fayil ɗin yaran da suka tarar a gidan kaɗai suke buɗewa. Sau goma sha huɗu aka danne yaro a ƙasa bana. Tara ke ce. A cire ki, saura biyar. Biyar na samun takardar shaida. Biyar na samun kek mai shuɗin rubutu, da hoto a bakin ƙofa, kowa ya washe haƙora.

Amma taran nan duk kafin allon ne! Kwana arba'in da ɗaya yau ba wanda ya taɓa ki, ba wanda kika ciza, kujera ɗaya ba ki jefa ba. In akwai shaidar cewa abin nan yana aiki, ke ce, ke mai safa uku. Na gaya wa Madam haka. Ta gyara tabarau. "Verna, jadawali suke karantawa, ba labari ba."

"To a gaya wa Keondra mana, ko yau."

"Ta tayar mana da hankali a danne ta? Sai taran nata ya koma goma."

Sai na ce to. Ni — na ce to. Don saura shekara guda in yi ritaya? Don in ban raka ki ba maza biyu za a haɗa ki da su? Wannan na biyun shi nake ta gaya wa kaina tun safe, ya fi daɗin ji.

Warin fenti… har maƙogwaro. Duk gidan nan warin fenti, saboda masu duba. Ɗakin kaɗaici ma an shafe shi da kalar sararin sama, an jibge matasai masu laushi, an maƙala hoton teku. Ƙarƙashin fentin akwai sawun faratanki a bayan ƙofa, na san wurin, daidai tsayin gwiwata. Sau biyu suka shafa kafin ya ɓuya.

Saura mako uku ki tsaya gaban alƙali. Kwana sittin ba faɗa, ya ce, sai gidan kakarki. Tsohuwar har ta sayi labule, ruwan hoda, kin ce kin tsani ruwan hoda kina dariya. Can kuwa daga sifili za su fara ƙirga — in ma sun ƙirga. Kuma yau za ki yi faɗa, na sani kamar yadda na san sunana. Da kin hango motar nan a bakin ƙofa kin koma 'yar shekara shida, ranar da aka fito da ke daga aji ba sallama, wata baƙuwa riƙe da kayanki.

"Gida biyar, Mis Verna, kullum baƙar leda. Ko idona a rufe na san ƙararta."

To yau ba leda, 'yata. Kin ga ci gaba? Yau jaka ce mai zuciya. 

Tumatirinki fa, na cikin kofin takarda a kan taga? Ganye huɗu. Ba ya shiga jaka, can ma ba za su karɓa ba. Wa zai ba shi ruwa? Sai jibi a nuna wa masu duba — ga aikin lambun yaranmu. Wata baiwar Allah ta sunkuya ta ce kai, abin sha'awa.

Waya na motsi. Madam Halvorsen ce. *Verna, kar ki manta ki dawo da jakar. Shida ne kawai, muna son masu duba su gan su a jere.*

In dawo da…

To a bakin ƙofar can in juye kayanki a me? A me, Madam? Wandunan da man kitson da biskit takwas, a gaban idonki, a me? Sai na tafi ofis yanzu. Yanzun nan. In dangwara mata jakar a kan tebur in ce shekara goma sha tara ta ishe ni, in ce ki zo da kanki ki kalli yarinyar, in ce —

Bari in mayar da wayar aljihu.

Mene ne wannan?

Santsi. An ninke ta huɗu, tsaf, irin ninkina. Baƙar ledar shara. Yaushe na… ƙarfe bakwai, ɗakin ajiya, na shiga ɗauko sabulu. Ba wanda ya aike ni. Saƙon ma bai zo ba a lokacin. Hannun nan ne, shi ya yage ta daga naɗin ya cusa a aljihu, yadda ya saba yi tun kafin a haife ki. Kwana uku na horo, da hawayena, da allona… hannun bai halarta ba.

Ƙararrawa. An tashi aji.

Allon na cewa lambu. In goge? In rubuta me? Takalma a baranda — naki ne, na san jan ƙafar nan, kina 'yar waƙarki ta hanci, kin zo ɗaukar kofin tumatir. Kar ki motsa, Verna. Danne aljihun. Danne shi da kyau, kar ta yi ƙara…