Hoton Kayen Barmo

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Buraima, bai sake taka filin kokawar Gure ba. A da shi ake kaɗa wa ganga a can. Yanzu ɗansa Barmo ne ke ɗaura walki, sunansa har ya kai Kelle da Gamu, amma tsohon bai taɓa ganin kayensa ko ɗaya ba. Samari kan kawo masa bidiyo a waya, ya kanne ido ya duba, ya ture.

"Ƙura kawai nake gani da ƙeyar mutane," in ji shi. "Ni ƙafa nake son gani. Ina yaron nan ke sa ƙafarsa?"

Babbar ƴarsa Yakura ce ta riƙe maganar a rai. Tela ce a bakin kasuwa, tana da wata baƙar kyamara da mijinta ya sayo mata a Damagaram don ɗaukar kayan da ta ɗinka. A saman kyamarar akwai ɗan faifai da ake murzawa, kewaye da zane-zane: fure, dutse, kan mutum, wani ɗan mutum yana gudu, sai wasu haruffa. Tun da ta same ta faifan yana kan koriyar alamar oto, inda kyamara ke yanke wa kanta komai. Riga a rataye ba ta motsi, shi ya sa oto bai taɓa ba ta kunya ba.

Da aka yi wata kokawa ta tafi da kyamarar, ta dawo da hotuna rututu. Inda ƴan kokawa suka tsaya suna kallon-kallo, hoto ya fito tas. Inda aka yi kaye kuwa, sai wani hazo mai hannuwa barkatai. Buraima ya daɗe yana dubawa.

"Yakura, wannan ɗana ne ko aljani?"

Gida ya ɗauki dariya, har da Barmo. Ita ba ta yi ba. Washegari ta rufe shago da wuri ta nufi wajen Sufiyanu, mai wankin hoto a kusa da tasha.

"Idon kyamara ƙiftawa yake yi," in ji Sufiyanu yana murza faifan. "In ya yi nawar ƙiftawa, duk abin da ke gudu sai ya goge. Ɗan mutumin nan mai gudu, shi ke sa ta ƙifta da sauri. In kuma kina son ki zaɓi saurin da kanki, ki kai faifan kan S." Sannan ya kunna mata rafal, wato ɗauka a jere, ya danne maɓallin bai saki ba. Kyamarar ta yi ta ƙyas-ƙyas-ƙyas, hoto na bin hoto.

Daga ranar awakin gidan ba su huta ba. Takan watsa musu dusa don su yi tsalle, ta durƙusa tana ɗauka. Ta ɗauki tattabaru suna tashi, ta ɗauki taɓaryar maƙwabciyarta a sama kafin ta faɗo cikin turmi. Cikin wannan gwaji ta gano abin da Sufiyanu bai faɗa mata ba. Da tsakar rana ɗan mutum mai gudu ya wadatar, amma in rana ta yi sanyi sai ya soma nawa, hazon ya dawo. In ta ƙara sauri a kan S, hoton ya yi duhu. Ta yi ta laluben ƴan maɓallan baya har ta iske wata lamba da ake kira izo. In ta ɗaga ta haske yakan dawo, sai dai hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an barbaɗa masa gari. Ta ce a ranta tsaki ya fi hazo.

Bayan kaka aka sa ranar da Barmo zai kara da Ɗan Talata na Bune, ƙato wanda ba a taɓa kayarwa a Gure ba. Kafin Barmo ya fita ya leƙo ɗakinta.

"Yaya, yau kada ki mai da ni aljani."

"Kai dai ka yi naka," in ji ta.

Ta sami wuri a gefen makaɗa, ta zauna a ƙasa, rana a bayanta. Ƙananan karawa suka ja lokaci. Kafin a kira manyan, inuwar mutane ta rufe fili. Ta gwada ɗaukar wani makaɗi, ta ga hannunsa ya goge. Amma yatsunta sun san hanya. Ta murza faifan zuwa S, ta sa saurin a ɗari biyar, ta ɗaga izo, ta hana filash tashi don kada ya shiga idon ƙanenta. Ta jawo hoton kusa, ta saita shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Barmo da Ɗan Talata suka shiga, suka zagaya juna, suka sarƙe. Ɗan Talata ya tura Barmo har bakin buhunan yashin da suka kewaye fili. Mutanen Bune suka miƙe da ihu. Yakura ba ta kalli fuskar kowa ba, ƙafafu huɗu kawai take bi. Sai ta ga diddigen Barmo na hagu ya ɗaga daga yashi. Ta danne maɓallin ba ta saki ba.

Ƙarar faɗuwar ta ji kafin ta gane an gama. Fili ya rikice, aka ɗauki Barmo a kafaɗa, mata na guɗa. Ita tana zaune inda take, ta kare gilashin kyamarar da mayafi, tana komawa baya hoto bayan hoto. Da ta kai na tsakiya sai ta yi wata guɗa da ta sa makaɗan suka waiwayo.

Washegari da hantsi Sufiyanu ya wanke mata hotunan manya-manya. Ta jera su a tabarma gaban mahaifinta, ƴan unguwa sun cika tsakar gida. Ga ƙafar Barmo ta zura bayan gwiwar Ɗan Talata. Ga ta ta naɗe. Ga ƙaton ya rabu da ƙasa, layunsa a iska, yashi tsaye a sama kamar an shanya shi.

Buraima ya bi su da yatsan hannunsa mai lafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan na biyu.

"Da hagu ya taɗe shi," ya ce. "Ni ban taɓa iyawa da hagu ba." Ya ɗago ya dubi ɗansa, sannan ya dubi ƴarsa. "Ku tashe ni zaune."

Suka jingina shi da bango. Ya ɗaga hannu sama ya soma yi wa Barmo kirari da bakinsa da ya karkace. Wani tsohon makaɗi da ke cikin taron ya kifa ƙwarya ya kama masa kiɗa.